Kyamarar da Zan Ɗauki Dada da Ita

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mai kula da zaure, a cire sunana kafin a tura. Don Allah ku ba ni shawara, domin na nema a wurin aikina, kuma abin da na ƙaru da shi kawai shi ne digiri ba ya hana mutum surutu marar kai.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Jalingo, shekarata arba'in da huɗu, ina zaune a Majidaɗi. Ƙanena Buba yana karatu a Ingila, zai dawo wata mai zuwa, ya ce zai yo mini tsarabar sabuwar kyamarar nan da ba a sa mata fim, kana ɗauka kana ganin hoton a ɗan gilashin bayanta. Iri biyu ya gani. Ɗaya ƙarama ce, tana shiga aljihun kaftani, amma sai ka matso kamar taku uku kafin fuska ta fito sosai. Ɗayar mai dogon baki ce, zum suke kiransa, tana janyo mutum daga ƙarshen fili. Ya ce in zaɓa kafin Juma'a.

Na yi kuskuren faɗa a ɗakin malamai. Mista Danladi na jogurafi, wanda iliminsa na hoto bai wuce zama a ɗauke shi fasfo ba, ya yi mini laccar minti arba'in, ya ce babbar ce ta manya, in na rataya ta ranar wasannin makaranta sai a ɗauka daga gidan jarida nake. Malam Sa'idu na lissafi ya ce ƙaramar, don ta fi sauƙin ɓoyewa daga 'yan aro, ya kuma nemi aro nan take. Shugaban makaranta ya fara jero mini bukukuwan gidansa. Duk cikinsu ba wanda ya tambaye ni wa zan ɗauka.

Dada zan ɗauka, mahaifiyata. Ni ne ɗan farinta, ita kuma Bafulatana ce a wani ƙauye kusa da Lau, ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Goggona ce ta raine ni. Dada ba ta taɓa kiran sunana ba, "na Jalingo" take cewa, in na durƙusa gaishe ta bango take amsa wa. Na san muryarta, na san bayanta, fuskarta kuwa sai dai kiftawa ɗaya, a sace. Bara autarmu Adama ta kai mata mai hoto daga Mayo Gwoi, har Dada ta gyara ɗankwali, sai ta tambayi wanda zai ajiye hoton. Da ta ji ni ne, ta tashi ta shige ɗaki. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, likita kuma ya daina kallon idonmu in yana bayani.

Da na gaya wa Danladi, ya ce al'adar mutanen da ce, in je kawai in rungume ta. Shafi biyu ya karanta a kan Fulani, yana so ya gyara su kafin a kaɗa ƙararrawa. Adama kuma ta ce in zaɓi ƙaramar in ba ta, ta ce wa Dada hoton na Buba ne. Na ce ba zan sa a yi wa tsohuwa ƙarya da ciwo a jikinta ba, ta ce ni da na koyar da yaƙe-yaƙen duniya kaf na kasa taku uku a tsakar gida. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa har yau ban kula ta ba.

In na zaɓi babbar, zan laɓe bayan zana wajen turken maruƙa, in jira ta fito shan hantsi, in janyo fuskarta ba ta sani ba. Zan samu, wannan ba shakka, amma kamar maharbi zan samu. In ƙaramar ce, dole in je gabanta in durƙusa in ce, Dada, ki dube ni. Tana iya tashi ta shige, in rasa hoton, in rasa har gaisuwar bangon da nake samu.

Masu ilimin gilashi su huta, muna da su a makaranta. Wanda ya san wannan kunyar a gidansu nake tambaya. Wacce zan ce Buba ya sayo: wadda tabbas za ta ba ni Dada tana kallon wani wuri, ko wadda ƙila, sau ɗaya, za ta ba ni ita tana kallona?