Ni Mosko, Shi Washinton

Alhamis, 24 Fabrairu 2022

Rediyo ta ce sojan Rasha sun shiga Yukren. Na kashe ta, na sake kunnawa, ba ta canza magana ba.

Da la'asar na tafi shayi ƙofar shagon Mahamane kamar kullum. Ban ko yi sallama ba ya ce, "Kamarad, mutanenka sun farka da yunwa." Na ce ai Amirka ce ta kai tabarmarta har bakin ɗakinsu. Ya yi dariya har garwashi ya zube masa.

Shekara goma sha ke nan da muka raba duniya ni da shi a kan tabarmar nan: shi Washinton, ni Mosko. Hujjarsa, wai yana saurayi ya yi wa ƴan sa-kai na Amirka kuku a Maraɗi, suka bar masa agogo da son tunkuza a kan burodi. Tawa ta fi nauyi: shekara biyar a Karkob ina karatun injin noma da kuɗin Tarayyar Sobiyet. Na koma Damagaram da diplom a hannu, ƴan watanni kaɗan ƙasar da ta ba ni shi ta mutu. Yau ga ni a Tamanrasset ta Aljeriya ina gyaran injin ban ruwa a lambunan Tit da Abalessa. Juyin juya hali ke nan.

Kofin farko mukan yi musun katangar Balin. Na biyu Kuba. A na uku, wanda aka ƙure sai ya jawo Biyetnam ko Afganistan ya fake.

Asabar, 26 Fabrairu

Sun ambaci Karkob a labarai. Karkib suke cewa yanzu. A zamaninmu ba wanda ya nuna mini inda Rasha ta ƙare Yukren ta fara. Jirgin ƙasa dai ya wuce, ba dowan na kan iyaka, ba jandarma.

Laraba, 2 Maris

Na yi abin da ba a yi.

Muna kan kofi na biyu, mutane cike, har da magina ƴan Tawa da ke aiki a ƙetaren hanya. Mahamane ya miƙo mini talhonsa har kusa da hancina. "Duba nan, Kamarad. Ba lekkol ɗinku ba ce wannan?" Ba makarantarmu ba ce. Amma dandalin ne. Babban dandalin garin, inda na fara faɗuwa a kan ƙanƙara wata tsohuwa ta ɗaga ni tana faɗa kamar ita ta haife ni. Wuta ta tashi a gaban babban ginin da ke bakin dandalin, motoci na tafiya, sai ba motoci.

Ya ce, "To yau wa kake bi? Masu jifa naka ne, waɗanda ake jifa naka ne." Wani magini ya yi dariya.

Na ce, "Kai da iyakar Amirkarka wankin kwanon Bature, me ka sani?" Na kife kofi na tashi. Mahamane na riƙe da buta, ya riga ya zuba ruwan na uku. A garin nan ko ɓarawo aka ba shayi yakan jira na uku kafin ya gudu.

Ba wanda ya kira ni.

Alhamis, 3 Maris

Na dafa shayi a ɗaki. Kofi ɗaya na sha, ya yi ɗaci. Na biyu da na uku ai don magana ake yinsu.

Lahadi, 6 Maris

Ban bi ta ƙofar shagonsa ba. Na zagaya ta bayan masallaci, hanyar ta fi tsawo amma an ce tafiya na da kyau ga mai hawan jini.

Hajiya Balki mai tuwo ita ce ƙasar ƴan ba-ruwanmu. Tana sayar masa, tana sayar mini, miya ɗaya. Ta ce, "Injiniya, abokinka ya zo ya ci shi kaɗai." Na ce ban tambaya ba. Ta ce, "Shi ma bai tambaya ba. Sau biyu."

Juma'a, 11 Maris

Liman ya yi huɗuba kan gaba tsakanin Musulmi, wai kar ta wuce kwana uku, kuma wanda ya fara sallama shi ya fi lada. Ba na zargin kowa, amma Mahamane na kai wa liman dabino. To, ladan da yawa ne, na bar masa. Ni ba mai haɗama ba ne.

Bayan sallah ya wuce ta gabana, kusa sosai, har gefen rigarsa ya taɓa ni. Bai juyo ba. An kafa takunkumi ke nan.

Litinin, 14 Maris

Tit. Inji ɗaya, bututu ya toshe da rairayi. Mai lambun, dattijo Buzu, ya ga ina ta leƙa talho sai ya tambaya ko yaƙin zai zo nan. Na ce da nisa. Ya ce haka aka ce wa babansa lokacin da Faransa ke fasa bom a cikin dutsen In Ekker, sai ga hayaƙi ya bi iska har wajen Mertoutek. Ya ba ni tumatir.

Wannan ne kaɗai abin da ni da Mahamane ba mu taɓa musu a kai ba. In muka gaji da juna sai mu haɗu mu zagi Faransa, mu huta. Yau na dawo da labarin a baki, mai daɗi, ba wanda zan ba. Na gaya wa tumatir.

Laraba, 16 Maris

Na fito da littattafan Karkob daga akwati. Tarihin jam'iyyar Kwaminis, babban juzu'i, asu ya cinye shi daga 1953 zuwa 1961. Ya bar Stalin, ya bar katangar Balin, ya ci abin da ke tsakani. Asu ma na da ra'ayi.

Na zauna ina lissafin abin da na yi imani da shi ina ɗan shekara ashirin. Wai ranar na zuwa da manomin Mirriya zai hau tarakta, ba mai gona ba ɗan ƙwadago. Na yarda har zuciya, ba don an ciyar da ni ba, ko da yake an ciyar da ni, dankali da kabeji har sai da na yi mafarkin miyar kuka. Su kuma ƴan Amirka suka zo da alkama da allurar rigakafi, suna son a so su. Manya biyu suna zawarcinmu, mu muna tsammani kyawunmu ne. Da ɗaya ya mutu, ɗayan ya daina zuwa zance.

Wannan maganar ta ƙarshe mai kyau ce. Da ta kashe Mahamane a kofi na biyu.

Asabar, 19 Maris

Khalida ta kira daga Damagaram. "Baba, muryarka ta yi wani iri." Na ce mura. Ta ce yaran na tambaya ko kakansu zai zo sallah. Na ce aiki. Tun rasuwar uwarta amsar ke nan, ta ma daina jiran in ƙarasa.

Talata, 22 Maris

Hajiya Balki ta zuba mini tuwo ta ce, "Ka ji zai koma gida?" Na ce wa. Ta ce, "Sarkin Makka." Mahamane ya sayar da bargunan shagonsa gaba ɗaya, zai tafi Maraɗi kafin azumi. Ba dawowa.

Na cinye tuwon. Ban san da wace miya ba.

Laraba, 23 Maris

Na yi nazari, kuma lissafin ya yi mini daɗi. Matafiyi shi ke bin gida gida ya yi ban kwana, ya nemi gafara. Haka muka taras. Ke nan dole ya zo ƙofata, ya yi sallama da bakinsa, ni kuma in karɓe shi da karamci irin na wanda ya ci yaƙi. Na sayo sukari da ganye mai kyau. Na share ɗaki.

Lahadi, 27 Maris

An kira ni Abalessa, inji biyu. Na ce ba ni da lafiya. In ya zo ya taras da kwaɗo a ƙofa fa?

Litinin, 28 Maris

Ya fara zagaye. Ya je wa liman, ya je wa mai burodi, ya je gidan Musbahu tela da ke jikin katangata. Ina jin muryarsa: "A yafe mini, zama ne, sai an saɓa." Na hura gawayi. Na gyara hula. Na ji takunsa ya fito, ya tsaya, ya yi gabas.

Gawayin ya cinye kansa.

Talata, 29 Maris

Na je wajen Hajiya Balki da niyyar ba zan ce komai ba, na ce komai.

Ta aje ludayi. "Injiniya, duk karatun nan naka. Shi fa cewa ya yi ya girme ka, kuma kai ka kife masa kofi a gaban sa'annin ƴaƴan cikinsa. Ƙarami ke zuwa wajen babba. Kana jira a ɗaki da al'ada, yana jira a shago da al'ada."

Na ce ya wuce ni a masallaci kamar bai san ni ba.

Ta dube ni. "Ashe ba ka sani ba? Yanar ido ce ta rufe masa idanu. Ɗayan ya tafi tun bara, ɗayan inuwa kawai. Aikin ido za shi. Da murya yake gane mutane, da taku. Kai da ke zama da shi kullum!"

Kullum. Ina kallon bakinsa ina jiran ya gama in ba shi amsa.

Ke nan ranar nan, da ya kawo talhon har hancina. Duba nan. Ba lekkol ɗinku ba ce. An gaya masa Karkob ce, shi bai ga komai ba.

Amma dai ya ce wa kake bi. Wannan ya ce shi.

Laraba, 30 Maris

Motar In Gizam, garin bakin iyakar Nijar, da hantsi take tashi. Ina da wani belt na inji da ya kamata tuntuni in aika wa wani mutum a can, sai na ga yau ta dace.

Mahamane na zaune kan buhunsa a gefen mota, da sanda. Ban taɓa ganinsa da sanda ba. Na tsaya ina yi wa direba bayanin belt da ƙarfi fiye da yadda belt ke bukata.

Mahamane ya ce, "Wannan muryar ta Mosko ce."

Na ce, "Saƙo na kawo."

"Na ji. Duk tasha ta ji."

Na ce matafiyi ke zuwa ban kwana. Ya ce ƙarami ke zuwa gaisuwa. Na ce to ga shi mun haɗu a ƙasar da ba ta kowa ba. Ya ce, "Kunnen doki ke nan. Zauna, Kamarad, tsayuwarka na tare mini ɗan hasken da ya rage."

Na zauna a kan buhun. Na ce, "Yaya Mahamane, maganar kwano..." Ya ce, "Ai na wanke. Tas kuwa. Har yau ba a yi mai wanke kwano kamata a Maraɗi ba." Sai ya lalubo hannuna. Ya tambaya ko akwai wanda na sani da ya rage a garin can. Na ce wataƙila, ban sani ba, tsohuwar da ta ɗaga ni dai ta daɗe da mutuwa. Ya ce, "Allah ya tsare su." Na ce amin. Shekara goma sha, yau ne ya fara yi wa ɓangarena addu'a, kuma ban san wane ɓangare ba ne.

Direba ya yi oda. Mahamane ya ce a yafe masa. Na ce ni ne. Ya ce, "Kar ka ɓata mana kunnen dokin." Na kama shi ya hau. Ta taga ya ɗaga murya yana kallon wajen da ba na tsaye: "Kuba kuma ku kuka janye!"

Na ce ƙarya ne, sulhu aka yi. Mota ta riga ta ja.

Belt ɗin na hannuna.

Asabar, 2 Afrilu

Azumi. Na sha ruwa da dabinon Abalessa, ni da rediyo.

Alhamis, 7 Afrilu

Wani Balarabe ya kama shagon, zai sayar da kayan talho. Ya yi fenti shuɗi. Yanzu ina iya bi ta ƙofar, sai dai ƙafata ta saba da bayan masallaci.

Lahadi, 10 Afrilu

Maginan nan ƴan Tawa sun kira ni shan ruwa. Bayan an ci, suka ɗora buta. Ɗaya ya nuna mini tutar Rasha a talhonsa, wai su ne za su ƙwato Afirka, "ko ba haka ba, Baba Kamarad? Kai ka san su." Duk suka zuba mini ido, an samu shaida.

Na ji bakina yana tambayarsa wa ya ciyar da ƙauyensu a yunwar 84, buhun da wane tambari. Na jawo Afganistan. Na jawo katangar Balin, na ce a duba ta wane gefe mutane ke tsallakawa. Yaron ya ce, "Baba, ashe kai ɗan Amirka ne." Ban yarda da rabin abin da na faɗa ba. Tabarma ce dai ba ta zama daidai in kowa ya taru gefe ɗaya.

Musbahu ya ce ranar Laraba za a yi wa Mahamane aikin idon farko.

Na biya tasha na tambayi direban In Gizam ko mota na tashi a satin sallah, da yadda hanyar Agadas take yanzu. Tambaya kawai na yi.