Muryarki a Takardar Naɗin Kifi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin haske da ni'ima a makwancinki. Ni ce, Dije. Mu nan Garwa lafiya lau muke, sai zafin bazara da kika sani. Kogin Binuwai ya janye har yara suna ƙwallo a kan yashi ƙarƙashin gada.

Inna, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Baba. Na manta muryarki. Fuskarki tana nan, har tabon man gyaɗan da ke hannunki na dama ina ganinsa. Amma in na rufe ido na ce ki kira ni, sai bakinki ya motsa, ba abin da ke fitowa. Wata biyar na yi ina ɓoye wannan, don ina jin kunyar a ce 'yar da kika haifa ta kasa riƙe ko kiran sunanta.

Ba laifina ba ne ni kaɗai. Kin san wadda ta yi.

Kin tuna maganganu bakwai da kika naɗa mini a wayarki lokacin da kike asibiti? Ba ki aika wa kowa ba, kika ce nawa ne. A ɗaya kina koya mini miyar yakuwa da busasshen kifi. A ɗaya kina mini faɗa kan tsefe kai. A ta ƙarshen babu magana sosai, dariya ce kika fara, tari ya tare ki, sannan kika ce, "Dije, kar ki bari a mayar da ke kyanwa." Kullum bayan la'asar nakan zauna bayan madafa in saurare su, in yi kukana in share fuska.

Washegarin sadakar arba'in Gwaggo Hajjo, yayar Baba, ta same ni a wurin. Ta ce hawayena wuta ne, duk ɗigo ɗaya yana ƙona ki a kabari. Ta karɓe wayar, ta ce za ta ajiye mini. Da ta dawo mini da ita in duba, babu ko ɗaya. Ta ce, "Na hutar da ke, na hutar da ita." Na mayar mata da wayar. Kin san ni.

Na tambayi Malamar Islamiyyarmu ko gaskiya ne hawaye na ƙona mamaci. Ta ce kukan zuciya da hawaye ba laifi, kururuwa aka hana. Ni kuwa ban taɓa kururuwa ba, Inna. Wa ya taɓa jin kururuwata a gidan nan?

Kuma na san ba don ke ta yi ba. Tun kina raye ba ta ƙaunar muryarki. Sau nawa ta ce, "An kawo mana muryar kasuwa gida"? Ke 'yar garin Bogo mai sayar da kifi, su jikokin fataken Kano. In kin fito da safe kika ɗaga murya tun daga ƙofar ɗaki, "Yaya, a waali jam? An tashi lafiya?" sai ta tsuke fuska ta ce gidan nan Hausa ake yi, kuma ita ba kurma ba ce. Ke kuwa ki yi dariya, gobe ki sake. Da ta kasa da ke sai ta koma kaina. "'Ya mace ba ta ɗaga murya." Ta yi ta faɗa har na koma magana kamar mai tsoron tada jariri. A lekol, makarantarmu ta boko, ma in an kira suna, sai ta kusa da ni ta ce, "Tana nan."

Yanzu bari in ba ki labarin injin.

Bana na shiga ajin farko na kwalej. Madam Roz mai koya mana kimiyya ta nuna mana hoton wani tsohon inji, ta ce da irinsa aka fara kama muryar mutum a duniya. Ba lantarki, ba batir. Ana naɗa takarda mai ƙyalli a jikin wani gungume, a yi magana cikin mazurari, allura ta yi ta rawa tana dannata yayin da ake juya hannu. In aka mayar da allurar farko aka sake juyawa, sai muryar ta fito. 'Yan aji suka yi dariya, suka ce waya ta fi. Ni ban yi dariya ba. Abin da na gani shi ne muryar tana kwance a fili, ana ganinta da ido, ana taɓa ta da yatsa. Ba maɓallin da wata za ta danna.

Da Madam ta ce kowa ya zaɓi abin da zai ƙera don ranar da iyaye za su zo, ban iya ɗaga hannu ba. Na rubuta a takarda na ajiye mata a tebur.

Kusan duk kayan naki ne. Gungumen, guntun taɓaryarki ce da ta karye. Hannun juyawa na ciro daga injin taliyarki. Mazurarin wanda kike ɗura man gyaɗa da shi ne. Allura ta keken ɗinki ce, na goga bakinta a dutse har ya dakushe. Takardar kuwa irin wadda kike naɗe gasasshen kifi da ita ce, Madam tana ce mata papiye alu. Na sami rabin naɗi a cikin kwandonki na kasuwa, har yanzu yana ƙanshin yaji.

Malam Sali mai gyaran injin markaɗe na bakin kasuwa shi ya feƙe mini taɓaryar, ya zana mata siririn layi da ke zagaye ta tun daga wannan baki har wancan, ya soka mata ƙarfe mai zare. Da ya ji 'yar wa ce ni, sai ya ajiye aikin hannunsa. Ya ce shekara goma bai taɓa saita agogo ba, muryarki ce ke gaya masa kifi ya sauka.

Saura abu ɗaya, ɗan faifan da zai yi rawa a gindin mazurari ya motsa allura. Murfin gwangwani ya yi kauri. Leda ta yi laushi. Fatar akuya ta saki da zafi. Ran nan ina neman almakashi a akwatinki sai na ga baƙin hoton ƙirjinki na asibiti. Na ɗaga shi a rana na ga haƙarƙarinki. Ki yafe mini, Inna, na yanka shi. Daidai wurin da likita ya zagaye da jan biro na yanko. Shi ne ya yi.

Sati uku muna fama. In allura ta shiga da yawa sai ta yaga takarda, in ta yi sama sai ta wuce ba ta bar komai ba. In hannu ya yi sauri a nan ya yi sanyi a can, murya ta lalace. Na koyi juyawa ina ƙirga numfashina. Ranar da ya fara aiki, Malam Sali ne ya kwatsa sallama a ciki. Muka mayar da allura, na juya, sai ga sallamarsa ta fito 'yar ƙarama, kamar kwaɗo a cikin tulu. Ya ja da baya yana salati, har ya take faranti.

Da na gwada tawa, takarda ta fito sumul. Sau huɗu. Ko ƙwarzane babu. Malam Sali ya ce, "Yarinya, injin nan naki kurma ne, sai an yi masa tsawa." Ya kuma gargaɗe ni cewa duk juyi ɗaya allura tana cin muryar, bayan sau biyar ko shida sai shuuu kawai. In kuma aka ɓare takardar daga jikin gungume, shi ke nan, ba ta sake magana. Don haka muka shirya da Madam, ranar taro ni zan juya hannu, ita za ta yi maganar.

Ranar ta zo. An jera benci a ƙarƙashin darbejiya, iyaye sun cika fili. Baba yana hanyar Ngawundere da lodi, sai Gwaggo ta zo a madadinsa. Ta zauna a layin gaba da sabon mayafi. Da aka kira sunana na ji ta tana gaya wa ta kusa da ita, "Tarbiyyata ce, ko tarinta ba a ji." Sai ta ɗaga waya za ta ɗauke ni hoto.

Wayarki ce, Inna. Da tsagewar nan ta gefe, da ɗan jan zaren da kika ɗaura mata.

Ban san lokacin da na riga Madam kai baki ga mazurari ba. Hannuna yana juyawa daidai. Na ja numfashi tun daga ciki, na buɗe baki na ce, "Gwaggo Hajjo ce ta goge muryar uwata! Bakwai ne, ta goge duka! Ban yafe ba!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan darbejiya. Kowa ya juya yana kallon Gwaggo. Madam ba ta jin Hausa sosai, ta ɗauka wani kirari ne, sai ta tafa ta ce in mayar da allura. Na mayar. Na duba takardar, ga maganata nan a jere, ƙananan ramuka kamar sawun tururuwa. Na juya.

Abin da ya fito ba muryata ba ce. Ta fi tawa kauri, tana da ɗan kaushi a ƙarshe, irin na wadda ta wuni tana kiran masu saye. Kafin in gane, Dada Asta, wadda kuke zama rumfa ɗaya a kasuwa, ta miƙe daga baya ta dafe ƙirji. Ta kira sunanki, ta ce, "La ilaha illallahu! Mairo ce! Wallahi Mairo ce, ɓingel am, 'yata, sake juyawa!"

Na sake. A karo na biyu ni ma na ji ki. Komai ya dawo mini lokaci ɗaya, miyar yakuwa, tsefe kai, dariyar da tari ya tare. Ashe ba ɓata kika yi ba. Kina cikin maƙogwarona tun da can, ni ce ban taɓa buɗe shi yadda za ki fito ba.

Na kalli Gwaggo. Wayar ta sauka kan cinyarta. Ba kunyar mutane na gani a fuskarta ba, wannan ta zo daga baya. Tsoro na gani. Ta ji wadda ta tabbata ta rufe wa baki tana kiran sunanta a gaban jama'a. Ina kallonta na juya na uku, a hankali, ban tsallake ko harafi ba. Allah Ya gani, na ji daɗi. Har yanzu da nake rubutun nan ina jin daɗin.

Baba ya dawo shekaranjiya, an riga an tare shi da labari tun a tasha. Bai dake ni ba. Ya ce na tozarta yayarsa a bainar jama'a, dole in durƙusa in ba ta haƙuri, in kuma miƙa mata takardar da ke jikin injin da hannuna. Na so in tambaye shi wa zai durƙusa mini ni. Da na ɗago na ga idonsa ya yi ja, ya kasa kallon injin, sai na bari.

Saura juyi biyu ko uku a jikinta. Na zauna da injin a gabana na daɗe, hannuna a kan hannun taliyarki. Ban juya ba. Na ɓare takardar a hankali don kar ta yage, na kai mata da hannu biyu, na durƙusa na ce ta yi haƙuri, da 'yar muryar nan da ta koya mini. Ta dunƙule ta, ta jefa a murhu, ta ce, "Magana ta ƙare." Na ce to.

Tana ganin ta goge ki sau biyu ke nan.

Ƙawata Zulai za ta sa wasiƙar nan a shafinta na intanet. Na rubuta da Hausa don ke ba kya jin Faransanci. Gwaggo ba ta karatun boko, kafin wani ya kai mata labari na riga na fara.

Ga abin da na yanke, Inna. Gobe da safe, in ta shimfiɗa tabarmarta ta zauna da kofin shayi, zan fito in tsaya a ƙofar ɗakinki, daidai inda kike tsayawa. Zan ja numfashi yadda na ja a gaban mazurari. Zan gaishe ta da gaisuwarki, da Fulatancin da komai, yadda har maƙwabta za su amsa. Ba wanda zai hukunta yarinya don ta gaida gwaggonta. Jibi ma haka, gata ma haka, duk safiyar da Allah Ya tashe mu a gida ɗaya. Haƙuri na ba ta don Baba ya ce. Yafiya kuwa tawa ce, kuma ban ba ta ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya shi fiye da inuwar rumfarki ta bakin kogi. Ya yafe mini hoton da na yanka. In akwai zunubi a abin da zan yi, Ya rubuta shi a kaina ni kaɗai, kar ko ɗigo ya same ki. Ya haɗa mu a Aljanna, ki kira ni tun daga nesa, in amsa miki yadda za ki ji.

Taki har abada,
Dije