Farcen Goggo Hurbai

Ahmedabad

Goggo Hurbai,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ciwon gwiwa, ya Baba Jusab da marinarsa? Na bai wa direban bas wasiƙar, tunda har yau kin ƙi riƙe waya.

Na ajiye aikin shagon magani, na buɗe shafi a intanet mai suna Hannun Afsana, zan riƙa sayar da gyalen bandhani, irin namu na ɗauri da rini. Tun kafin a haife ni kike ɗaure wa 'yan kasuwar Bhuj yadi, ƙulli bayan ƙulli, su yi ƙiba ke kina nan da gurasar gero da madara mai tsami. Wannan zamanin ya wuce. Ki ɗaure min gyale goma, Baba ya rina, kala masu haske, ban da jan nan na tsofaffi.

Zancen hoto kuma ki bar min. Hannuna zan nuna. Ki yi haƙuri, naki rini ya cinye shi, ga dogon farcen nan kamar na shaho, kuma masu sayen 'yan gayu ne.

'Yarki, Afsana

Mandvi

Afsana,

Wa'alaikissalam. Gwiwa da sauƙi, Babanki Jusab yana amsawa.

Ashe har an fara ciniki babu rumfa, babu mai taɓa yadi ya ji laushinsa. Allah ya ba da kasuwa. Ga gyalenki nan, don darajar mahaifinki na ɗaure su, tunda ƙanena ne kuma ba ya raye. Farcen shahon da kike ƙyama shi ke ɗago yadin daga ƙasa kafin zare ya zagaye shi, kuma shi ya ɗaure mayafin da uwarki ta shigo gidanmu da shi.

Abu ɗaya zan gaya miki: kada ki warware su. A ƙudundune ake sayarwa, da zarensu. Mai saye ita ke ja da hannunta zaren ya zube, a nan take sanin ba bugun inji ba ne. In kin ga dama ki ji.

Ki gaida masu gayu.

Goggonki, Hurbai

Ahmedabad

Goggo,

Barka da war haka, da fatan kowa lafiya.

Ke ma kin san ba mai sayen abin da ya yi kama da tsumma a hoto. Na warware su, na yi musu guga suka kwanta lafiyayye. Sai wasu marasa aikin yi suka cika shafin da cewa bugun inji ne. Don in rufe musu baki na ɗauki bidiyo ina ɗauri da hannuna, wai nan ma ban iya ba. Mutanen yankinku na Kutch hassada ta yi musu yawa.

To ga inda ake. Wata mai shagon kayan amare a Mumbai tana son kayan kakar biki gaba ɗaya daga wurina, amma ta ce sai ta ga hannun da ke ɗaurin da idonta. In wannan ya kuɓuce min, shafin ya mutu, aikin da na bari kuma an ba wata. Zan zo Juma'a in ɗauki hannunki a bidiyo. Abin ba zai ɗauke ki lokaci ba.

'Yarki, Afsana

Mandvi

Afsana,

Na samu takardarki, muna lafiya.

Ba sai kin ba ni labarin bidiyon ba. Surukar Jenabai maƙwabciyata ta kawo shi tsakar gida muna zaune muna ɗauri, matan layi suka taru a kansa. Farce goma na roba, kowanne da fenti, kina tsunkular yadi kamar mai cire ƙaya daga kifi. Jenabai ta yi dariya har ta shaƙe, ta ce, "Hurbai, wannan jinin gidanku ce kuwa?" Ban yi dariya ba. Kunya ce ta rufe ni, don kakarki a makance ma ta fi haka.

Kin yi wa mutane ungulu da kan zabo, an gane, yanzu kuma hannun da rini ya cinye ya zama abin nema. Na yarda ki zo. Amma ki nuna fuskata, ki faɗi sunana da na Jusab, kuma ki cire sunan nan daga shafin, don hannun Afsana bai taɓa ɗaure ko ƙulli ɗaya ba.

Na bar ki lafiya.

Hurbai

Ahmedabad

Goggo,

Ina gaisuwa. Ba ki gane harkar nan ba, ba kuma laifinki ba ne. Suna ba ya canjuwa bayan mutane sun saba da shi. Fuska kuma ba a bukatarta, mai shagon ta ɗauka ni ke yi, gara a bar ta a haka. Zan matso da kyamara sosai, farcen da zaren kawai za su fito. Zan taho miki da man shafawa, ki jiƙa hannun tun daren Alhamis.

Sai na zo.

Afsana

Mandvi

Afsana,

Salama gare ki. Kada ki ɓata kuɗin bas.

Kin ce farcen kawai kike bukata. Ki buɗe ƙullin tsumman da ke cikin ambulan ɗin nan a hankali, kada ya faɗi. Jusab ne ya yanke min shi da safe, na wanke shi tas. Ki ɗauke shi hoto ta duk ɓangaren da kike so.

Nawa zai sake fitowa kafin damina, 'yan kasuwar Bhuj sun ce za su jira. Su dai in na shiga rumfarsu suna kiran sunana.

Allah ya ba da kasuwa.

Hurbai