Shayi Ba Ya Rufe Hanci

Daga Babban Likitan Ƙasashen Waje zuwa ga Malam mai gonar tumatir.

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna, wato maiɗakinka?

Mun samu labari kana feshin maganin ƙwari hanci a buɗe, wai shayi mai kauri zai wanke gubar. Haba Malam. An ce shayi yana iya rage illarta, ba a ce ka shaƙe ta da gangan ba. Ƙyallen da aka aiko maka na hanci ne, ba na goge kofi ba.

Ɗanka yana nan lafiya wurin fentin motoci. Tarin da shaƙar fenti ta jawo masa ya fara barinsa ya yi barci. Shi ma da shayi ya dogara.

Baba, ka yafe mini, autanka ne, mai fentin motocin. Na faɗa da bakina ka ƙi ji, shi ya sa na ari na likita. Don Allah ka rufe hancin nan.