A Cire Tallan Shago Daga Waƙar Kawu Ilu

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Masu Tura Waƙoƙi a Waya, yankin Gwarzo da Kabo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan ƙungiya. Yaya kasuwa, yaya haƙuri da jama'a?

Sunana Sabo Mai Garmaho, mutumin Lakwaya. Tun zamanin ostariti na tsuke bakin aljihu, lokacin da gayyato makaɗi ya fi ƙarfin mai ƙaramin biki, nake ɗaure garmaho da lasifika a bayan keke ina zaga ƙauyuka. Da shari'a ta zo aka hana rawar maza da mata, ban yi gardama ba. Na koma saka wa mata faifai ina zaune a zaure, lasifika tana cikin gida. Yau samari masu kwamfuta, waɗanda ake kira DJ, sun karɓe filin. Zamaninsu ne, Allah Ya ba su sa'a. Ƙorafina da kai ne, kuma na fito da shi fili ne saboda na zo shagonka har na gaji, kullum sai a ce ka fita.

Na ɗaya. Bayan girbin bara ka zo har gidana ka ce ƙungiya tana son adana tsofaffin waƙoƙi a kwamfuta kada su ɓace. Na ɗauko maka akwati guda na fayafayai. Na ce a tsaye ake jera su, kuma ba su son rana. Ka ce mini, "Malam Sabo, kamar ƙwai zan riƙe su." A but ɗin motarka suka yi ta kwana suna wuni. Da aka dawo mini da su, da yawa sun lanƙwashe, allura sai tsalle take a kansu.

Na biyu. Adanawa ka ce, sai ga waƙoƙin a wayar kowa. Wannan bai dame ni ba, don a ji aka yi waƙa. Amma kun goge sunayen mawaƙan, kun kuma cusa tallan shagonka a tsakiyar kowace waƙa. Ka taɓa faɗa mini cewa memorin waya ba ya ƙarjewa, ba ya narkewa. Gaskiya ne, na yarda. To amma kowane faifai yana da takarda a tsakiyarsa, duk wanda ya ɗauka ya san mai waƙar. Me ya hana kwamfutarku rubuta suna?

Na uku, kuma shi ya hana ni yin shiru. A cikin akwatin nan akwai faifan kawuna, marigayi Ilu mai kukuma na Dugabau. Wannan faifan kaɗai ya yi a rayuwarsa, ban kuma san wani da ke da irinsa ba. Yana cikin waɗanda suka lanƙwashe. Matarsa, Inna Tabawa, tana raye. Ran kasuwar Kabo ta ji muryar mijinta tana fitowa daga wayar wani ɗan acaɓa. Ta sauke ƙwaryarta ta tsaya. Daidai baitin da ya ambaci sunanta, sai wata murya ta rufe tasa tana kiran mutane shagonka. Tsohuwar nan ta hau mota har Lakwaya don ta yi mini tambaya ɗaya: "Sabo, kai ka sayar da shi?" Na ce mata ban sayar ba, amana na bayar.

Don haka ga buƙatuna, Alhaji. A cire tallan nan daga waƙoƙin. A mayar wa kowane mawaƙi sunansa, zan zo in faɗa muku su ɗaya bayan ɗaya. A kuma ɗora waƙar Kawu Ilu, tsaf yadda ya rera ta, a kan memori, ka kai wa Inna Tabawa da hannunka ka ba ta haƙuri. Ban nemi diyyar fayafayaina ba, domin babu kasuwar da za ka samo su.

Sauran da ke ɗakina kuwa ba za su sake fita ba. Duk ɗan ƙungiyar da ke son kwafa, ya zo da kwamfutarsa zaurena, ni zan ɗora allura.

Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya ba ka ikon gyara wannan tun tsohuwar tana da sauran ji.

Wassalam.

Sabo Mai Garmaho, Lakwaya.