Hoton Ƙarshe na Umma Ne

Tsohuwar Dhaka,
Farkon damina.

Zuwa ga Yayana Mizan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da Yaya Dilruba da ɗana Tahsin, Ya kuma sauƙaƙa maka tsayuwar shago a Milan. Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene yin shanya. Gwaggo Hosne ta zo ta kwana mana, ta tafi ta bar mu da kifin ilish da ƙarar surutunta a kunne. Ni ce dai na rasa sukuni, kuma ka san dalili.

Littattafan hotuna sun taru a teburina, editan jaridarmu ya ishe ni da waya yana neman sharhi. Jiya cewa ya yi ko na yi aure ne ban gayyace su ba. Wallahi Yaya, sai in buɗe littafi in rufe. Akwai wani mai kyau na masu kwale-kwalen kogin Buriganga, amma da na zauna rubutu sai in tarar idona yana kan kyamarar Abba, da fim ɗin da ke cikinta tun rasuwarsa. Hotunan zuwanku na bara suna ciki, har da wanda Abba ya miƙo mini kyamarar na ɗauke shi da Tahsin a kafaɗa. Ba mu da wani nasu tare, tunda Abba bai taɓa yarda a ɗauke shi da waya ba, wai hoton da ba a wanke ba ba hoto ba ne. Baba Nirmal mai wanke hoto kuwa ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in damina ta samu fim a cikin kyamara fumfuna za ta cinye shi, kuma kada in zo masa da kuka, shagonsa ba gidan makoki ba ne.

Ka ce mini a waya in naɗe fim ɗin in ciro kawai, ai saura hoto ɗaya, a yi asararsa mana. Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka manta al'adar Abba? Duk fim ɗin da ya saka, ko na biki ko na kogi, hoton ƙarshe na Umma ne. Kuma duk sanda aka wanke sai a ga ta rufe ido. Ya yi ta tsokanarta, wai shi ya auri mai barci a zaune, ita kuma ta ce hannunsa ne ke rawa. Daga nan ya ce to, sa gyara a fim na gaba. Da na taɓa kyamarar sai Umma ta ce hoton nan nata ne, ba ta yafe ba, kuma ba za ta zauna a ɗauke ta ba tunda mai ɗaukar ta ba ya nan. Ka ga gaba kura, baya sayaki. Kullum sai in hau bene in duba sama in sauko, in haɗa shayi in manta shi ya huce.

Ranar Juma'a hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauka. Raina ya ɓaci, na ce wa Umma wai me ake ta ja a kan hoton da dama rufe ido za ta yi ta lalata shi? Na zaci faɗa zan sha. Sai ta yi dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin takaba. Ta ce ashe da ni da ubana duk wawaye ne, mace za ta shekara da shekaru tana ƙifta ido daidai lokaci guda, a ce kuskure ne? Da gangan take yi. Ta lura irin kyamarar nan, daidai sanda mutum ya danna, madubin ciki kan ɗaga, wurin leƙen ya yi duhu, mai ɗauka ba ya ganin komai. A nan take rufewa, don ya ce sa gyara a na gaba. Ta ce muddin akwai na gaba, ai bai gama kallon ta ba. Yaya, kuka kawai na yi.

Bayan la'asar ta fito sanye da koren sarin nan da Abba yake so, ta zauna bakin taga inda ta saba, ta ce in yi sauri kafin ta sake shawara, jikanta ba zai rasa hoton kakansa saboda ita ba. Na leƙa na danna, komai ya yi duhu, ban ga abin da ta yi ba. Na naɗe fim ɗin, na ƙudundune shi a leda, na shiga ruwa har shagon Baba Nirmal. Ya juya shi ya shinshina, ya ce da alama mun riga fumfuna, amma in jira a wanke. Da na dawo na tambayi Umma ko ta buɗe ido, ta ce in jira kamar yadda ubana ya yi ta jira.

Ka gaishe mini da Yaya Dilruba da kyau, ka shafa mini kan Tahsin, ka ce masa hotonsa da kakansa yana hanya in sha Allahu. Gwaggo Hosne tana gaishe ku, Umma tana sa muku albarka. Bari in tsaya nan, don tun da safe Umma take bi na da tuni, wai in zan fita in biya in sayo sabon fim.

Ƙanwarka,
Mahfuza