Ƙoƙuna Biyu da Ƙayar Aduwa

Shagari, watan Rajab, 1944

Zuwa ga taubashina kuma bawana, Mode baduku na Bodinga. Gaisuwa da fatan alheri, ina fata warin jima bai ƙarasa ka ba.

Bayan haka, Inna Shatu jiki ya yi nauyi, kunne ma ya tafi sai an yi ihu. Ba ta da zance sai na ɗan'uwanta marigayi, Kawu Garba, ubanka. Aiko da faifan nan da Bature ya ɗauki waƙarsa ta noma a Sakkwato, ta ji muryarsa. Na sayi garmaho da kuɗin albasar bana, sabo fil, ba irin akwalarka ba. Wasalam.

Bawa

Bodinga

Zuwa ga Bawa sarkin albasa, wanda ke sa mutane hawaye tun bai yi magana ba. Gaisuwa, a duba mini Gwaggo.

Ga faifan nan a naɗe cikin zane. Shi kaɗai ne muryar Baba da ta rage a duniya, kuma ya tsufa. Na ji labarinka: tun da yaƙin Turawa ya hana allurar garmaho zuwa kanti, guda ɗaya kake wasawa a dutse kamar lauje. Kada ta taɓa faifan nan. Na haɗa maka ƙayar aduwa da na fere, ita ba ta cin faifai, sai dai muryarta ƙasa-ƙasa ce. Don haka na ɗinka bututun fata mai baki biyu, na liƙa ƙoƙo a kowane baki. Ka cusa gindinsa a maƙogwaron garmaho, ka toshe gefe da tsumma, ka kifa wa Gwaggo ƙoƙunan a kunne. Na san kanka da tauri, nemi mai hankali ya karanta maka sau biyu. Ka huta lafiya.

Mode

Shagari

Mode, gaisuwa irin wadda ta dace da bawa.

Kayanka sun iso, an sha dariya har ƙauyen Horo Birni. Uwata za ka yi wa ƙaho kamar wanzami? Ko jaka ce da za a sa mata linzami? Ƙaya kuwa a ƙafa na san ta. Injin da ya ƙetaro teku ba zai ci ƙayar daji ba. Allurata ta ƙarfe in ta ɗauka, har bakin kasuwa ana ji. Tsaya ga fatunka. Sai an jima.

Bawa

Shagari, watan Sha'aban

Mode, sallama.

Faifanka ruɓaɓɓe ne tun asali. Juyi uku allurata ta yi, sai baƙin gari ya riƙa tashi daga jikin faifan. Yanzu ba ya faɗin komai sai shuuu, awa ruwan sama bisa kwano. Inna na zaune ta ƙura mini ido tana jira, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga. Don dai kada ta gane, na kifa mata ƙoƙunanka, na ja bututun bayan zana, na sa baki na rera waƙar da kaina, yadda Kawu kan yi in ya dawo gona.

Sai na ji ta ce, "Wagga muryar Garba ta! Ku yi kurum in ji ɗan'uwana." Ta yi kuka, ta sha fura, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Yanzu kullum da la'asar sai na shiga bayan zana. Ɗinkinka dai mummuna ne, kuma yana wari. In ka faɗa wa wani, ni da kai ne. Wasalam.

Bawa

Bodinga

Bawa, ba gaisuwa.

Ka nome muryar ubana da laujenka, jaki kawai. Ban yafe ba, faifan kuma ka rufe tulu da shi.

Ina tafe ran Jumma'a. In Gwaggo ta gama, a miƙo mini ƙoƙunan. Ka shiga bayan zana ka rera, kada in ga fuskarka.

Mode